Sawun ƙafa mai shekara 23,000 a Amurka: wai ta yaya aka san shekarunsa?

Auwal_Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun jiya, ina so masu ilimin cikinmu su warware min. Na ga labarin wani wuri a jihar New Mexico ta Amurka, White Sands ake ce masa, wai an samu sawun ƙafafun mutane a bakin wani tsohon tafki da ya ƙafe, kuma wai sawun ya kai shekara 21,000 zuwa 23,000. To ni inda na kasa ganewa, in ƙashi ne ko itace sai in ce an ɗauka an kai ɗakin gwaji an auna. Amma sawu fa? Sawu ai ba abu ba ne da za ka ɗauka a hannu, gurbi ne kawai da ƙafa ta bari a cikin laka. Me aka auna? Kuma mu nan ko sawun saniya ne a fadama ruwa ɗaya zai zuba ya shafe shi, ta yaya na mutum zai zauna duk wannan zamani?

Sadiq_Fagge: Wa alaikumus salam. Ni dai irin waɗannan lambobin ba sa shiga kaina. Wa yake wurin lokacin? Kintace kawai suke yi su liƙa masa lamba.

Malam_Sani_Kimiyya: Sadiq ba kintace ba ne, akwai awo, kuma awon yana da ƙa'ida. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in kabon da ake kira kabon-14. Tsiro yana samunsa daga iska, dabba ta ci tsiro, mu kuma mu ci duka biyun. Muddin da rai, wanda ya ragu ana ta maye gurbinsa. Ranar da rai ya fita shigowa ta tsaya, na jiki ya fara raguwa, kuma duk shekara 5,730 rabinsa ne ke tafiya. Yadda nake yi wa ɗalibaina bayani a aji: ka ɗauka mudu 16 ne na gero. Bayan shekara 5,730 saura mudu 8, a ƙara wasu 5,730 saura 4, sannan 2, sannan 1. Sau huɗu ke nan, ka lissafa za ka samu shekara 22,920. To in aka auna abu aka ga kashi ɗaya cikin 16 ne ya rage, an san ya kai wajen shekara 23,000 da mutuwa. Wani Ba'amurke Willard Libby ne ya fito da hanyar a ƙarshen shekarun 1940, ya samu kyautar Nobel a kanta a 1960. Iyakarta wajen shekara 50,000, in ya wuce nan abin da ya rage ya yi kaɗan ba ya aunuwa.
Auwal kuma gaskiyarka, ba sawun aka auna ba. Sun haƙa rami suka tarar da sawun hawa-hawa a cikin ƙasa, kuma a tsakaninsu akwai shimfiɗun 'ya'yan wata ciyawar ruwa. Sai suka auna 'ya'yan da ke ƙarƙashin sawu da waɗanda ke samansa. Duk wanda ya taka wurin ya taka ne bayan na ƙasa sun zube kafin na sama su zube.

Ibrahim_MaiRijiya: Wannan magana ta Malam ta hawa-hawa ni na gan ta da idona, don sana'ar gidanmu ke nan haƙar rijiya. In ka fara sara za ka samu baƙar ƙasa, gaba kaɗan jar ƙasa, sai marmara, sai yumɓu, wani lokaci ka faɗa kan yashi fari tas kamar na rafi a wurin da yanzu ko kwata babu. Kowace da launinta, a jikin bangon rijiyar kana ganin layinsu kamar an ja da hannu. Akwai wata da muka yi a wani ƙauye, a gaba uku muka samu toka da gawayi da tsingaro, babanmu ya ce wannan murhun wasu ne, kufai ne aka yi gari a kansa. Dattawan garin ba wanda ya san an taɓa zama a wurin. Na ƙasa dai shi ya riga na sama, wannan ko yaro ya sani.
Batun shafewar sawu kuma Auwal, in laka ta bushe da sawu a jikinta sannan ruwa ya kawo yashi mai laushi ya rufe a hankali, ba ya ɓaci. Buɗaɗɗen sawu shi ke shafewa.

Nafisa_Jiyoloji: Malam Sani ya yi bayani mai kyau amma akwai inda ya tsallake, kuma nan ne rigimar take. Da aka fitar da sakamakon a 2021 masana da yawa ba su yarda ba, kuma suna da hujja. Ciyawar nan Ruppia a cikin ruwa take rayuwa, ba daga iska take ɗaukar kabon ɗinta ba, daga ruwan take ɗauka. In ruwan ya biyo ta cikin tsofaffin duwatsu ya narkar da su, irin ruwan zartsi ɗin nan, to yana ɗauke da tsohon kabon wanda kabon-14 ɗinsa ya riga ya ƙare. Ciyawa ta sha wannan, tun tana raye awo zai nuna ta tsufa. Wasu masu bincike sun ɗauko irin ciyawar da aka tsinko a yankin a 1947 aka ajiye, suka auna, ta nuna sama da shekara 7,000. Ciyawar 1947 fa. To ka cire 7,000 daga 23,000 ka ga inda ka koma.

Sadiq_Fagge: To kun ji! Abin da nake faɗa ke nan. Na'urar da za ta ce ciyawar zamanin kakana ta shekara 7,000 ita za a yarda da ita?

Nafisa_Jiyoloji: Yaya Sadiq tsaya ban gama ba. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, kabon ɗin da ke cikin ciyawar ta faɗa, matsalar daga abin da aka ba ta ne. Shi ya sa masu aikin, Jeff Pigati da Kathleen Springer na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, suka koma. A wannan karon suka nemo ƙurar furen itatuwan tudu, irin bununin nan da ke tashi daga gero in ya yi kai, amma na bishiyoyi dangin fayin. Su daga iska suke shaƙa, ruwan tafki bai shafe su ba. Ƙurar ƙanana ce ƙwarai, sai da suka tara wajen ƙwaya 75,000 kafin a samu abin awo guda ɗaya. Ta nuna shekarun da 'ya'yan ciyawar suka nuna.
Ba su tsaya nan ba, suka kawo wata hanya da ba ruwanta da kabon kwata-kwata. Ƙwayar yashi in an binne ta cikin duhu tana tara wani ƙarfi a hankali daga ƙasar da ke kewaye da ita, hasken rana kuma yana goge shi. To in ka ɗebo yashi a cikin bututu ba tare da ya ga haske ba, ka kai ɗaki mai duhu ka auna abin da ya tara, za ka san yaushe rabonsa da rana. Wannan ta ba da aƙalla shekara 21,500. An buga wannan a 2023. A 2025 kuma aka sake auna lakar tsohon tafkin, ita ma ta faɗo cikin wannan tsakanin. Ni a wurina abu huɗu daban-daban su haɗu a kan kuskure iri ɗaya da wuya.

Abba_ElPaso: Ni na je wurin, daga inda nake zaune tafiyar ƙasa da awa biyu ce a mota. Yashin fari ne fat har yana kashe ido, jifsam ne, irin wanda ake yin silin na POP da shi. Abin da ya ba ni mamaki rana tsaka na cire takalmi na taka, bai ƙona ni ba, da sanyinsa. Amma ban ga sawun ba, ɓangaren da suke ba a barin masu yawon buɗe ido su shiga, kuma yana maƙwabtaka da filin gwajin makamai na soja. Ma'aikatan wurin sun ce wasu sawun ba sa fitowa sai ƙasa ta yi 'yar danshi, in ta bushe su ɓace. Kuma wanda iska ta tone ya fito fili ba ya daɗewa yake lalacewa, kamar yadda Ibrahim ya faɗa.

Ummu_Khadija: Ni abin da ya taɓa min zuciya a labarin ba lambar ba ce. An ce yawancin sawun na yara ne da matasa. Kuma a wannan filin akwai wani layin sawu mai tsawon fiye da kilomita ɗaya da rabi, na mutum ɗaya, mace ce ko matashi, tana sauri a cikin laka ɗauke da yaro. A wasu wurare sai a ga sawun ƙaramin yaro ya bayyana a gefe, wato ta sauke shi ta huta ko ta sauya hannu, sannan ta sake ɗauka. Da ta dawo ta wannan hanyar babu yaron. Kuma tsakanin tafiyarta da dawowarta wata ƙatuwar giwa irin ta zamanin da ta ratsa ta taka sawunta. Duk macen da ta taɓa saɓa yaro a kafaɗa hadari na tahowa ta san wannan saurin. Ina ta tunanin gidan wa ta kai shi.

Nafisa_Jiyoloji: Anti Ummu gaskiya ne, sai dai a lura wannan layin daban yake da waɗanda aka auna a cikin ramin, kada a ɗora masa 23,000 ɗin.

Auwal_Kurna: Na gode ƙwarai, yanzu na gane abin da aka auna. Amma me ya sa abin ya zama rigima haka? In 23,000 ne ko 16,000 ai duk da can ne, me ya rage me ya ƙaru?

Dr_Kabiru_Tarihi: Auwal bambancin babba ne, don kowace lamba da hanyar da take nufi. Shekara da shekaru abin da ake koyarwa shi ne mutanen farko a Amurka su ne waɗanda ake kira Clovis, sunan wani gari a wannan jihar ta New Mexico inda a shekarun 1930 aka samu kan masunsu na dutse tare da ƙasusuwan giwaye. Su wajen shekara 13,000 ne. Bayanin ya zauna daidai: lokacin tsananin sanyi ruwan duniya ya daskare ya zama ƙanƙara, teku ta ja baya da wajen mita 120, mashigin Bering da ke raba Siberiya da Alaska ya zama tudu, mutane suka tako da ƙafa. Amma daga Alaska zuwa kudu ƙanƙara ta rufe Kanada gaba ɗaya daga teku zuwa teku, sai da ta fara narkewa hanya ta buɗe a tsakiya sannan suka gangaro. Duk wanda ya zo da wuri da ya girmi Clovis sai a yi masa ca.
Wanda ya fasa wannan shi ne Monte Verde a kudancin Chile. Tom Dillehay ya fara tono a 1977, ya samu mazaunin mutane da wata irin laka mai tsami ta rufe ta hana shi ruɓewa: turakun bukka, igiya da ƙullinta, murhu, ganyayen teku da aka ɗauko daga gaɓa, har da sawun ƙafa. Shekara 14,500. Sai da aka shekara 20 ana musu, a 1997 manyan masu shakkar suka je da kansu suka duba sannan akasarinsu suka sallama. To in mutum yana can ƙarshen Kudancin Amurka a 14,500, ba ta hanyar tsakiyar ƙanƙara ya bi ba don ba ta buɗe ba tukuna, shi ya sa aka koma ga ra'ayin cewa gaɓar teku suka biyo, wataƙila da kwalekwale.
Yanzu 23,000 kuma ya faɗo daidai lokacin da ƙanƙarar ta fi kowane lokaci kauri. Ma'ana ko dai sun shigo tun kafin ƙofar ta rufe, ko kuma sun san wata hanya da mu ba mu gano ba.

Bello_Damaturu: Dakta da ka ambaci kwalekwale ka tuna min da namu na Dufuna a nan Yobe. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da katako a wajen mita 5. Da wani ne da ya sare ya wuce, shi sai ya sanar. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, tsawonsa ya haura mita 8. An aika gutsurensa ɗakunan gwaji biyu a Jamus, kowanne ya auna da wannan kabon-14 ɗin, duka suka ba da wajen shekara 8,000. Shi ne mafi tsufa da aka samu a Afirka. Sadiq in ka ƙi yarda da na Amurka sai ka ƙi yarda da namu, don ma'auni ɗaya ne.

Sadiq_Fagge: Bello naku na yarda da shi fiye da nasu, kuma ba don namu ne ba. Naku katakon da mutum ya sassaƙa da hannunsa shi aka auna. Nasu abin da ke kusa da sawu aka auna. Ba ɗaya ba ne.

Malam_Sani_Kimiyya: Wannan magana ta Sadiq tana da nauyi, kuma ita ce ainihin tambayar da ake yi a kowane wurin tono: abin da ka auna, mene ne haɗinsa da mutum? Ko a katakon ma, awo yana faɗa maka lokacin da itacen ya daina girma ne, ba ranar da aka sassaƙa shi ba, sai dai tazarar ba ta da yawa. Amma sawu yana da wani fifiko da dutse ba shi da shi. Dutse ko gawayi zai iya nutsewa daga sama ya gangara ƙasa. Sawu ba ya motsi, inda aka taka nan yake.

Ibrahim_MaiRijiya: Ƙwarai kuwa abu yana gangarawa. Gara kaɗai ta isa. Na taɓa samun murfin kwalba a zurfin da ya fi tsayina, da na duba sai ga tsohon ramin gafiya ya biyo ta wurin. Wanda bai lura da ramin ba sai ya ce mutanen da suna shan lemon kwalba.

Dr_Kabiru_Tarihi: Ibrahim abin da ka faɗa shi ne ake musu a kansa a Ostareliya. Akwai wata inuwar dutse a arewacin ƙasar, Madjedbebe, a 2017 aka ce kayan dutsen da ke ƙasanta sun kai shekara 65,000, da wannan awon yashin da Nafisa ta bayyana. Masu suka suka ce ƙasar yashi ce kuma akwai gara, duwatsun za su iya nutsewa su shiga yashin da ya girme su. Su sun fi karkata ga wajen 50,000. Kowanne ne dai, zuwa Ostareliya sai an ƙetare teku, don ko lokacin da ruwa ya ja baya ba ta taɓa haɗewa da Asiya ba.
A Amurka ma akwai irinsu da yawa da ba su samu karɓuwa ba. A Pedra Furada ta Brazil an samu fasassun duwatsu aka ce aikin mutum ne na sama da shekara 30,000, sai aka lura birran yankin suna fasa duwatsu su bar ɓarɓashi mai kama da haka. A kusa da San Diego kuma a 2017 wasu suka ce ƙasusuwan wata giwa da aka farfasa sun nuna hannun mutum tun shekara 130,000, kusan kowa ya ƙi. Amma sawun ƙafa mai yatsu biyar da dunduniya ba wanda zai ce biri ne ko ruwa ya yi shi.

Alaramma_Tukur: Salamu alaikum. Ina bin muhawarar tun farko, kuma na ga wasu sun turo min a gefe suna tambaya ko wannan bai ci karo da addini ba. Abin da muka yi imani da shi, dukkan mutane daga Annabi Adamu suke, alaihis salam. Amma Alƙur'ani bai faɗi adadin shekarun da ke tsakaninmu da shi ba, lambobin da ake yawo da su yawanci daga labaran mutanen Littafi aka ɗauko. Kuma a Suratul Ankabut aya ta 20 an umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Allah ya fara halitta. Don haka auna shekarun sawu ni ban ga laifinsa ba. Abin da nake jan hankali a kai, kada a ɗauki hasashe a mayar da shi yaƙini, su kansu masu binciken kuna gani suna gyara maganarsu.

Zainab_Gusau: Allah ya saka da alheri Alaramma. Tambayata, su waɗannan mutanen kafin Siberiya daga ina suka taso? An ce daga Afirka, gaskiya ne?

Dr_Kabiru_Tarihi: Malama Zainab, ƙasusuwa mafi tsufa na mutane irinmu duk a Afirka aka same su. Jebel Irhoud a Maroko wajen shekara 300,000, Omo Kibish a Habasha wajen 230,000. Binciken ƙwayoyin gado na DNA ya nuna mutanen sauran nahiyoyi reshe ne daga na Afirka, kuma babbar fitar da ta cika duniya ta faru ne wajen shekara 50,000 zuwa 60,000 da suka wuce. Kafin nan ma an yi ta leƙawa. A hamadar Nefud ta Saudiyya an samu sawun mutane a bakin wani tsohon tafki mai wajen shekara 120,000, tare da na giwaye da raƙuma. A arewacin Siberiya, bakin kogin Yana, mutane suna zaune tun wajen shekara 32,000. Amurka ita ce babbar nahiya ta ƙarshe da aka shiga. New Zealand kuwa jiya-jiya ne, wajen shekara ta 1250 zuwa 1300.

Issoufou_Agadez: Maganar tafki a cikin hamada mu nan ba baƙuwa ba ce. A Gobero cikin hamadar Tenere ta Nijar, wurin da yau ko ɗigon ruwa babu, an samu maƙabarta mai kaburbura wajen 200 a bakin tsohon tafki, da ƙasusuwan manyan kifaye da kada da dorina, da ƙugiyoyin kamun kifi na ƙashi. Masu neman ƙasusuwan dinoso, manyan dabbobin nan da suka ƙare tun kafin zamanin mutane, su ne suka ci karo da ita a shekara ta 2000. Mutanen farko na wurin sun kusa shekara 10,000. Ni kaina in mun fita daji muna tsintar kan kibiya na dutse da dutsen niƙa a kan rairayi, iska ta tone su. Tsofaffinmu gatarin aradu suke ce wa masu santsin nan.

Hassan_Kumasi: Muhawarar ta yi nisa, mun bar Amurka mun koma Tenere. A dawo kan tambayar Auwal. Ni abin da nake so in ji, yanzu an gama magana ke nan 23,000 ta tabbata, ko har yanzu da saura?

Nafisa_Jiyoloji: A ɓangaren awon ƙasa ni ina ganin ta yi ƙarfi sosai. Masu shakka har yanzu suna cewa ƙurar fure tana iya zama tsohuwa ce ruwa ya kwaso daga wani wuri ya sake zubarwa, yashin ma wataƙila bai ga rana sosai ba kafin a binne shi, wanda zai sa ya nuna tsufan da ya fi nasa. Kowanne shi kaɗai zai yiwu. Amma a ce duka sun karkace kuma sun karkace zuwa lamba ɗaya, kuma na ƙasa ya girmi na sama a jere, nan ne na kasa bin su.

Dr_Kabiru_Tarihi: Ni kuma nawa ɗari-ɗarin daga wani wuri yake. DNA na 'yan asalin Amurka na yau da na tsofaffin ƙasusuwa, irin yaron Anzick na Montana mai wajen shekara 12,600, yana nuna yaɗuwarsu da rarrabuwarsu a cikin nahiyar ta faru ne wajen shekara 16,000. To masu sawun 23,000 su wane ne? Zai yiwu wata ƙaramar al'umma ce da ta riga shigowa ta ƙare ba ta bar zuriya ba, ko ta narke cikin waɗanda suka zo daga baya. Kuma tsakanin 21,000 da 16,000 shekara 5,000 ne, wuraren da kowa ya yarda da su a wannan tsakanin kusan babu. Su kuma 'yan asalin yankin, ƙabilun Pueblo da Apache da ake tuntuɓa a aikin, da yawansu cewa suke kakanninsu sun daɗe a ƙasar fiye da yadda littattafai ke faɗa, wannan bai zo musu da mamaki ba.

Bello_Damaturu: Rashin samu ba ya nufin babu Dakta. Kwalekwalen Dufuna shekara 8,000 yana kwance ba wanda ya sani sai da mai rijiya ya sara daidai kansa. Kuma in gaɓar teku suka bi, ai mazaunansu yanzu suna ƙarƙashin ruwa tunda tekun ta dawo da mita 120 ɗin.

Dr_Kabiru_Tarihi: Haka ne Bello, kuma irin labarin mai rijiyar ya faru a can. George McJunkin, baƙar fata ne da aka haifa cikin bauta, makiyayin shanu, shi ya ga wasu manyan ƙasusuwa a bangon kwari kusa da garin Folsom na New Mexico bayan ambaliyar 1908, ya gane ba na shanun yanzu ba ne. Ya yi ta faɗa ba a kula ba har ya rasu a 1922. A 1927 aka samu kan mashi na dutse a tsakanin haƙarƙarin irin ɓaunan da ya ƙare tun zamanin ƙanƙara. Kafin ranar manyan masana cewa suke mutum bai wuce 'yan dubban shekaru kaɗan a Amurka ba.

Ibrahim_MaiRijiya: To Malama Nafisa, in na sake cin karo da toka da tsingaro a cikin rijiya me ya kamata in yi? Wancan na gaba uku zubar da shi muka yi cikin ƙasar da aka kwashe, yanzu abin yana damuna.

Nafisa_Jiyoloji: Malam Ibrahim kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoto yana inda yake a jikin bango, ka sa igiyar awo a gefe a ga zurfin, ka rubuta wace irin ƙasa ce a sama da ƙasansa, ka duba ko akwai ramin gara ko saiwa kusa. Gawayin kada ka damƙe shi da hannu ko ka haɗa shi da toka ko takarda, ka ɗauka da bakin wuƙa mai tsabta ka naɗe a takardar alminiyam. Sannan ka sanar da gidan tarihi mafi kusa ko sashen binciken kayan tarihi na jami'a, akwai shi a Zariya. In an raba gawayi da gurbinsa ba a rubuta ba, ko an auna an samu lamba ba a san lambar mene ne ba.

Auwal_Kurna: Wallahi na ƙaru. Da na shigo ina ganin abin duk shaci-faɗi ne, yanzu na fi karkata ga cewa sawun ya kai shekarun. Amma maganar Dakta ta DNA ta bar ni da wata tambayar, yaran nan da suka yi ta tattaka bakin tafkin ina zuriyarsu ta tafi.

Sadiq_Fagge: Ni ma na sassauta, ban ƙara cewa kintace ba. Amma har yanzu akwai abin da nake jira. An ce mutane sun yi ta zuwa bakin tafkin nan wajen shekara 2,000. Mutum ba ya zama wuri bai hura wuta ba, ba ya farauta bai yar da tsinken dutse ba. Ibrahim a rijiya ɗaya ya samu murhu. Su a can har yanzu sawu kawai ake nuna mana. Abba kai da kake kusa, in ka ji an tono toka ko kan mashi a wannan zurfin ka sanar da mu a nan.

Abba_ElPaso: In sha Allah. Ina da niyyar komawa da yarana in sanyi ya shigo, zan tambayi ma'aikatan ko ana wani tonon a tudun da ke gefen tafkin, don in akwai bukkokinsu a can za su kasance, ba cikin laka ba.